Mai Lambu da Rijiyar da Ta Rufta

A wani ƙauye an yi wani mutum mai lambu a bakin fadama, yana noman albasa da tumatir. Matarsa ta rasu da kaka. Da rani ya tsaya kuma, sai rijiyar lambun ta rufta. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasar da ta cike ta, sa'an nan ya ce a ransa, "Ni mai bi ne, bai kamata a ga na karaya ba."

Ya ɗauki diga da kwando ya shiga yasar rijiyar shi kaɗai. Ya cika kwando, ya hau tsani ya zubar, ya sake sauka. Duk wanda ya ce masa, "Yaya aiki?" sai ya amsa, "Da godiya." Ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa tashi wajen waƙa a majami'a, amma in ya koma gida tuwo ba ya shiga bakinsa. Ko durƙusawa ya yi zai yi addu'a, bakinsa nauyi yake yi. Kwana tara yana haka, shuka tana ta yaushi.

A rana ta goma hannuwansa suka ƙi ɗaga kwandon. Ya zauna a gindin rijiya, ya jingina da bango, ya ce, "Ya Ubangiji, na gaji. Ba ni da sauran abin faɗa maka." Sai hawayen da ya riƙe tun ranar jana'iza suka ɓalle.

Wani dattijo mai lambun kusa da nasa ya ji ƙarar diga ta ɗauke, ya zo ya leƙa.

Ya ce, "Ɗana, lafiya?"

Mai lambu ya ce, "Baba, na kasa."

Dattijon ya ce, "To, hau a hankali, ina riƙe da tsanin."

Bai yi masa wa'azi ba. Ya dama masa fura, ya zauna yana saurare, mutumin ya yi ta maganar matarsa har barci ya kwashe shi a inuwar mangwaro.

Kashegari dattijon ya zo da igiya da 'yan'uwa biyu daga ikilisiya. Ya ce, "Kamu biyu za mu haƙa yau, mu tashi."

Mai lambu ya ce, "Baba, shukar za ta mutu."

Dattijon ya ce, "Wata za ta mutu. Kai ne ba ma so ka bi ta."

Bayan kwana shida ruwa ya ɓullo. Tumatir ya riga ya bushe duka, amma fangali huɗu na albasa sun rayu, da su ya ci abinci har damina.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Rijiyar ita ce zuciyar mutum, baƙin ciki da wahala kuwa su ne ƙasar da takan rufta a ciki. Da yawa a cikinmu muna zaton bangaskiya ita ce ɓoye gajiya, ba haka ba ne. Addu'ar da mutumin nan ya yi a gindin rijiya gajeriya ce, amma gaskiya ce, Allah kuwa ya ji ta, ya aiko da taimako ta hannun maƙwabci. Ubangiji bai yi alkawari cewa ba za mu yi hasara ba, amma ba ya barin nasa a cikin rami. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka gaji, faɗa wa Allah, ka kuma faɗa wa wani mai bi. Ka ci abinci, ka huta, ka yi abin da ƙarfinka na yau zai iya. Kai kuma da kake da sauran ƙarfi, in ka ji ɗan'uwanka ya yi shiru, je ka leƙa.