Rijiyar da Ake Shiga Yau a Fito Jiya

Ku gyara zama, kai kuma Malam Sule ka ajiye wayar nan, don shari'a na kawo muku wadda ta fi ƙarfina.

Yayana, marigayi Malam Iro, ya koyo wani wasa a Jos lokacin yana aikin auna filaye, ya zo mana da shi Funtuwa. Ba caca ba ce, kada wani ya fara harara ta. Labari ne ake ja a kan tabarma. Kowa yana da gwarzonsa a rubuce a takarda, mutum ɗaya kuma yana jan labarin, ya ce ga daji, ga kogi, ga dodo, me za ku yi? In abu ya zo da haɗari sai a jefa ɗan ludo, wani iri mai fuska ashirin. Ashirin sa'a ce, ɗaya kuwa sai innalillahi. Ni ne mai jan labarin, don Yaya ya ce bakina ya fi hannuna aiki. Shi kuma ya riƙe wani maharbi mai suna Ɗankande, da shi da 'ya'yansa huɗu, kowace Lahadi bayan La'asar.

Dokokinmu biyu ne, shi ya kafa su. Abin da ɗan ludo ya faɗa ya faɗu. Abin da aka gani a kan tabarma kuma ba ya goguwa, magana zarar bunu ce.

Da Allah ya karɓi abinsa, 'ya'yan duk sun girma, kowa da gidansa, tabarmar nan kaɗai ke haɗa su. Autarsa Nusaiba ta ajiye nata gwarzon ta ɗauki Ɗankande, da takardar da ke da rubutun hannun ubanta, da ɗan ludon da ya bar mata. Shekara uku tana tafiya da shi, har irin tarin da Yaya ke yi kafin ya ja baka ta koya.

Ran nan suna tsallake gadar igiya a kan wani kogi mai hazo, iska ta taso. Na ce ta jefa. Ta jefa, ɗaya. Na duba, kowa ya duba. Na so in yi ƙarya, wallahi na so, amma taurin kai irin na gidanmu ya hana ni. Na ce Ɗankande ya zame, ya faɗa cikin hazo, sai hularsa aka tsinta a bakin ruwa. Nusaiba ba ta yi kuka ba. Ta naɗe takardar ta miƙo mini, ta ce, "Baffa, sau biyu ke nan." Ta saka takalminta ta tafi. Lahadi uku ba mu gan ta ba, waya ma sai ta ga dama. Na tabbata in ta kai wata guda, tabarmar ta naɗe ke nan, zumuncin ma ya koma sai ranar suna da ta'aziyya. Na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Babbansu Hashimu mutum ne da ko takardar maganin bara ba ya jefarwa, matarsa ta gaji da faɗa. Tun farkon wasan yake rubuta duk abin da ya faru. Ya kwashe mako biyu yana bin littattafan nan guda goma sha ɗaya, ya zo mini da shafi a buɗe. Ashe shekara shida da suka wuce, a cikin labarin, sun taɓa wuce wata rijiya, Yaya ya dame ni da tambayar me ke cikinta, ni kuma Magariba ta kawo jiki, na ce masa wanda ya shiga ta yau zai fito jiya, don dai ya ƙyale ni. Na manta sarai. A gefen shafin Hashimu ya rubuta abin da ubansa ya ce: "Rubuta, wata rana za ta yi amfani." Maganata ce, ba ni da bakin musu. Ba don Hashimu ba, babu hanyar komawa baya.

Sai dai hanya ba ta isa ba, ga doka ta biyu tsaye. Na ce musu ko sun koma, ba za su hana shi hawa gadar ba, ba za su tare shi ba, don kowa ya ga faɗuwarsa. Nan Barira, ɗaya 'yar Yaya, ta karɓa. Ita tun tana yarinya in an ce kada a taɓa tukunya sai ta tambaya ko murfin ma tukunya ne. Ta dube ni ta ce, "Baffa, wa ya ga gawa?" Ta ce to su koma kwana ɗaya kafin abin, su ɗaura taru a ƙarƙashin gadar, cikin hazon da ido ba ya kaiwa, su ɓuya kada su haɗu da kansu na jiya. Ya zame kamar yadda aka gani, hula ta tafi kamar yadda aka gani, mutum ya sauka a taru. Na juya maganar ta ko'ina ban sami inda ta taka doka ba. Ba don Barira ba, da sun je jiya sun tsaya suna kallo.

Amma shafin nan yana da sauran layi guda, ni da bakina na faɗe shi. Dole mutum ɗaya ya tsaya a ƙasan rijiyar ya riƙe ƙofar, wanda ya riƙe kuwa ba ya fitowa har abada. Ɗan'uwansu Nafi'u gwarzonsa wani maƙeri ne da ya raina shekara tara, tun ba shi da ko guduma har ya zama gagarabadau. Yaya ne ya raɗa wa maƙerin suna, kuma shi da Ɗankande ne ba sa rabuwa a labarin. Nafi'u, wanda ko tsokar nama ba ya bar wa ƙanwarsa, ya shafa takardarsa, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ni na samu Baba shekara talatin da biyar. Ita fa?" Ya kau da kai yana cewa wani abu ya faɗa masa a ido. Ba don Nafi'u ba, ƙofar ba ta buɗewa.

Lahadi ta huɗu na aika wa Nusaiba ta zo ta karɓi takardar ubanta. Ta zo ko mayafi ba ta sauke ba. Muka ja labarin a gabanta, rijiya, taru, maƙeri a ƙasa yana riƙe da ƙofa. Na ce saura abu ɗaya, ko tarun zai riƙe, kuma ba mai jefa wa Ɗankande sai mai shi. Goma ko sama da haka. Na san ko yanzu ba zan yi ƙarya ba. Ta daɗe tana juya ɗan ludon, sannan ta yi tarin nan na Yaya, ta jefa. Sha ɗaya.

Kukan da ba ta yi ba ranar, shi ta yi a nan, mu ma muka taya ta. Da ta share fuska ta ce ita takardar ta ishe ta, ɗan ludon Baba kuwa za ta bai wa wanda ya dawo mata da Ɗankande. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta kasa, ta damƙa mini ta ce in yanke. Wata biyu ke nan yana aljihuna, ga shi ma ku gani. Kullum Lahadi suna zuwa, kowa yana yi kamar bai damu ba.

To, ku da ba ku da ɗa a cikinsu, ku raba ni da wannan nauyi: wanda ya tuna da hanya, da wadda ta san yadda za a bi ta, da wanda ya zauna a rijiya don wasu su wuce, wa zan damƙa wa ɗan ludon Malam Iro?