Zoben Ciyawa da Laimar Tasalla

Dalilin da ya sa kuke ganin ciyawa ta yi zobe a makiyaya, baki kore shar, tsakiya kuwa a ƙeƙashe, ga shi nan.

A ƙarƙashin ƙasa akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani. Ruɓaɓɓen ganye suke ci, inda suke ci kuwa ƙasa ta yi taki, in sun wuce ta ƙeƙashe. Da can wuri guda suke zama su kewaye abinci, kowa ya ci gabansa, kamar yadda kuke yi da akushi. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Tasalla, da jikanta Dogara, wanda ba ta iya haɗiye loma sai tana ganinsa.

Wata rana Jatau, wani mai rowar tsiya, ya ta da rigima wai ana kallon bakinsa. Maigarinsu ya gaji da ƙara, ya ce, "To, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya ci gabansa!"

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, in mun juya baya, ina akushin yake?"

"Inna, ƙasa duk akushi ce."

Ba ta gane ba, amma ta juya. Ta jingina bayanta da na Dogara don ta riƙa jin ɗuminsa. Ta ci gabanta, ta matsa. Shi ma ya ci gabansa, ya matsa. Can sai ta ji bayanta ya yi sanyi.

"Dogara! Kana ina?"

"Kaka, ina nan inda kika bar ni! Ke ce kika tafi!"

"Ni? Ci kawai nake yi!"

Kanta ya ɗaure. Ta waiga, ba komai sai ƙasar da aka cinye, wadda ba mai ƙetare ta da rai. Maigarin da zai janye doka shi ma cin gabansa ya yi nisa da shi.

Da damina ta faɗi, Tasalla ta tura 'yar farar laima saman ƙasa ko yaron zai hango. Ashe kowa yana da wanda ya ɓace masa. Kafin rana ta ɗaga, laima ta kewaye zoben kaf, duk iri ɗaya.

Shi ya sa har yau zoben yake ƙara faɗi kowace shekara, laimar kwaɗi tana fitowa a bakinsa. Kada ku tattake ta, yara. Ɗaya daga ciki ta Tasalla ce, Dogara kuwa bai gane wacce ba tukuna.