Rumbun Muryar Malam Ashafa

A bakin babban titin Kankia, tsakanin mai faci da mai sayar da kati, akwai wani ɗan shagon gyaran waya. Mai shagon saurayi ne, sunansa Sharafaddeen, autan Malam Ashafa na Kaikai. Allah ya ba shi hannu. Wayar da ta faɗa rijiya, da wadda saniya ta taka, da wadda ta ƙi tashi tun bara, duk in sun shigo hannunsa sai sun yi magana. Amma akwai hali ɗaya da ya taso da shi, wato gaggawa. Ba ya karanta rubutu har ƙarshe, ba ya sauraren magana har ƙarshe. In allon waya ya tambaye shi e ko a'a, yatsansa ya riga idonsa isa. Mahaifinsa ya sha ce masa, "Auta, bi a hankali, hanya ba ta gudu." Shi kuwa sai ya yi dariya ya buga babur.

Malam Ashafa shi ke yin tafsiri a masallacin Kaikai kowane azumi, bayan la'asar. Alaramma Mamuda, abokinsa tun ƙuruciya, shi ne mai jan baki. Alaramma ya karanto aya ya yi shiru, Malam ya fassara. Muryar Malam mai sanyi ce kamar ruwan randa, kuma da gero da shanu da damina yake ba da misali, har makiyayin da bai taɓa riƙe allo ba ya gane. Mutane kan zo daga Mawashi, wasu har daga Fakuwa, a kekuna da babura.

Shekara da shekaru Sharafaddeen yana ɗaukar karatun nan a waya, yana tara shi a ƙananan memori. Da suka yi yawa, sai ya sayo wani ɗan akwatin ajiya na hannu a Kano, irin wanda ake haɗawa da intanet, girmansa bai fi bulo ɗaya ba. Ya juye komai a ciki. Da ya nuna wa mahaifiyarsa, Inna Saudatu, hotonsa, sai ta ce, "To, ashe murya ma ana yi mata rumbu." Daga nan sunan ya bi shi, rumbun Malam.

Ta tambaye shi, "In gara ta shiga fa?"

Ya ce, "Inna, faifai biyu ne a ciki. Abin da aka rubuta a ɗaya, an rubuta a ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na nan."

Da wannan ya dogara. Ya goge tsofaffin memori ɗin duka, ya riƙa tura wa masu zuwa shago waƙoƙi da fina-finai a ciki.

Bayan kaka, ana cikin ɗaurin dawa, Malam ya kwanta ciwo. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Gidan ya yi faɗi. Buzunsa yana nan rataye a zaure, butarsa tana nan inda ya bar ta, amma babu mai gyaran murya da asuba. Inna Saudatu ba ta cika kuka a gaban mutane ba. Tana da 'yar rediyo mai cin memori. Kowace Juma'a Sharafaddeen ya zo gida, ya karɓi memorin, ya goge na ciki, ya zuba mata wani karatun daga rumbu. Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta kunna, tana tsinkar zogale. In Malam ya yi raha a cikin karatun, sai ta yi murmushi ta ce, "Ji shi dai," kamar yana zaune a gabanta.

Da watan Sha'aban ya kama, hirar gari ta koma kan tafsiri. Wata Juma'a bayan an sauko, Alaramma Mamuda ya kama hannun Sharafaddeen a ƙofar masallaci, ya ce, "Ɗana, bana wa zan ja wa baki? Na saba in na tsaya, shi ya ɗauka."

Maganar ta soki zuciyar yaron. Nan take, a gaban jama'a, ya ce, "Baba Alaramma, bana ma Malam ne zai yi. Za mu sa lasifika, kai ka ja, ni in saki muryarsa. Kuma duk almajirinsa, ko a Maraɗi yake, zai ji a wayarsa."

Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Labari ya kai Mawashi kafin shi ya kai Kankia.

Sai dai akwatin tsoho ne. Masu ƙera shi sun daina kula da manhajar da ke tafiyar da shi, sabbin wayoyi ba sa iya magana da shi. Bai lalace ba. In aka haɗa shi da kwamfutar shago yana ba da duk abin da aka nema. Don lasifikar masallaci wannan ya isa. Amma Sharafaddeen ya riga ya ce har Maraɗi. Ya shiga intanet ya gano cewa wasu masu sha'awar irin waɗannan akwatuna sun haɗa tasu manhajar, wadda in an ɗora ta a madadin ta kamfani, tsohon akwati yakan koma kamar sabo. Ya sauke ta a 'yar filas ɗin kwamfuta.

Ranar kasuwa yayarsa Haulatu, wadda ke koyarwa a Islamiyya a Kusada, ta biyo shagon sayen caja. Ta same shi ya kwance murfin akwatin.

Ta ce, "Kai Auta, mi kake yi wa rumbun Malam?"

"Sabuwar ƙwaƙwalwa zan sa mishi, Yaya."

Ta leƙa allon kwamfutar. Ta fi shi jin Turanci, kuma ita takan karanta abu har ƙasa. Ta ɗora yatsa a kan wani layi mai jan rubutu.

"Ka ga nan? Sun ce a kwashe komai a kai wani wuri tukuna. Sun ce a cire fayafayan kafin a fara."

"Haka suke rubutawa don 'yan koyo. Waya nawa na yi wa filashin, na canza musu manhaja, a shagon nan?"

"Waya in ta mutu a sayi wata. Wannan fa?"

"Faifai biyu ne, Yaya."

"Biyu a ɗaki ɗaya. In wuta ta kama ɗaki, tana tambayar gado nawa ne a ciki? Ka manta Malam bai taɓa zuba iri a rumbu ba? A ɗakin Inna yake rataye shi. Ka bari maigidana zai shiga Katsina jibi, ya sayo maka wani faifan ka juye. Azumi da saura."

Ya ce, "To, Malama, na ji wa'azi. A ba ni wuri in yi aiki."

Ta ja masa kunne kamar yadda ta saba tun yana yaro, ta ce, "Sauri dai ya haifi nawa." Ta ɗauki cajarta ta fita.

Ya so ya jira. Amma jibi ta yi masa nisa kamar baɗi. Yana ta hango ranar farko ta azumi, muryar Malam na fita daga lasifika, tsofaffi na share hawaye, ana cewa ai ɗan ya haifu. Kuma can ƙasan wannan, shi kansa so yake ya ji uban nasa ya cika masallaci sau ɗaya kuma. Haulatu ba ta kai tasha ba ya soka filas ɗin, fayafayan suna ciki.

Da farko komai ya tafi daidai. 'Yar fitilar akwatin ta yi ja, ta koma kore. Allo ya kawo tambaya, ya danna e. Ya kawo wata, ya danna e. Ta uku doguwa ce, tana faɗin cewa za a share fayafayan da ke ciki a shirya su don sabuwar manhaja. Daidai lokacin wani ya leƙo yana tambayar kuɗin gilashin waya. Sharafaddeen ya amsa masa da baki, yatsa kuma ya yi abin da ya saba.

Akwatin ya yi ɗan gurnani, ya yi shiru. Sabon shafi ya buɗe, kyakkyawa, mai tsabta. Ya nemi tafsirin bara, babu. Ya nemi na bara waccan, babu. Fayafayan biyu sun zama fanko tare, kamar yadda aka cika su tare.

Da a nan ya kashe akwatin ya nemi wanda ya fi shi sani, da wataƙila an tsira da wani abu. Amma gaggawar da ta jefa shi rami ita ta miƙa masa igiya. Ya mayar da tsohuwar manhaja, ita ma ta nemi ta shirya fayafayan, ya yarda. Ya sake ɗora sabuwar. Ya sauke wasu manhajojin ceto ya zuba su a kan fayafayan nan dai. Memorin Inna ma, da ya karɓo daga gida, yana aljihunsa, tun safe ya goge shi don ya zuba mata sabon karatu.

Washegari ya kai akwatin Kano wurin wani mai ceto bayanai. Mutumin ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Sharewar farko kamar an cire alamar kabari ne, da sauran nema. Amma kai ka bi ka yi huɗa a kai, ka yi shuka."

Da ya dawo Kaikai, ya sami Inna a gindin darbejiya, rediyon na gefenta, ta miƙo hannu don karɓar memori. Ya durƙusa. Ya faɗa mata abin da ya faru.

Ta kalli rediyon. Sannan ta ce, "Duka?"

"Duka, Inna."

"Har wanda yake ba da labarin ranar da aka kawo ni gidan nan, ruwa ya tare mu a hanyar Mawashi?"

Ya gyaɗa kai. Ta janye hannunta a hankali, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe sau biyu zan yi takaba." Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Aka bi almajirai da maƙwabta ana tambaya. Kowa ya ce ai ya goge nasa, tunda an san komai na wurin Sharafaddeen.

Ranar farko ta azumi masallaci ya cika, don ba kowa labari ya kai wa ba. Aka zaunar da wani matashin malami a wurin Malam. Alaramma Mamuda ya buɗe Alƙur'ani, ya ja ayar farko da muryar nan tasa mai zaƙi, ya tsaya. Sai ya karkata kansa dama, kamar yadda ya saba, yana jira. Matashin malamin bai iya ɗauka nan take ba. Shirun ya yi tsawo har ana jin kukan kurciya a kan katanga. Alaramma ya sa hannun riga ya goge ido. Sharafaddeen na sahun baya, kansa a tsakanin gwiwoyinsa.

Bayan shan ruwa Haulatu ta zo gida da wayarta. Ta ce ta tono wani tsohon saƙon murya da Malam ya taɓa aiko mata ranar wani ruwan sama. Shi kaɗai ya rage. Ta ajiye wayar a tabarma tsakanin su uku, ta danna. Aka ji tari kaɗan, sannan muryar nan mai sanyi:

"Haulatu, in Auta ya biyo ta nan, ki ce mishi ya bi a hankali. Hanya ba ta gudu."

Shi ke nan. Inna ta matso da wayar kusa da kunnenta, ta ce, "Sake min."

Darasi: Ɗan'uwa mai karatu, gaggawa ba ta zuwa da fuskar mugunta. Wani lokaci da fuskar ƙauna take zuwa. Abin da in ya tafi ba ya dawowa, kada ka taɓa shi sai ka ware masa iri a wani ɗakin, domin biyu a wuri ɗaya, ɗaya ne. In za ka canza wa na'ura manhaja, kwashe amanar da ke cikinta tukuna, ka karanta gargaɗi har ƙarshe, ka saurari wanda ya ce ka dakata ko da ka fi shi iya aikin. In kuwa ka yi kuskure, tsaya, kada ka gyara shi da wata gaggawar. Akwati ana sayen wani a kasuwa. Muryar uba ba a sayar da ita ko'ina.