Rabon Kayan Ido a Mararraba

Dalilin da ya sa mutum zai rasa rabin duniya alhali idanunsa garau, ku zauna in faɗa muku, jikokina, don ku daina jin abin da ake cewa a kan kakanku Ilu.

A da can, kowane ido shi kaɗai yake kai kayansa ƙeya, inda Ƙwaƙwalwa take da ɗakuna biyu. Kullum sai sun yi faɗa. Na Dama ya ce ya ga kura, Na Hagu ya ce, "Ƙarya kake, makaho, kututture ne!"

Ƙwaƙwalwa ta gaji. Ta ce, "Daga yau ku haɗu a mararraba bayan hanci, ku yi musayar rabin kaya. Duk abin da ke hagu, na ku biyun, ya tafi ɗakin dama. Na dama ya tafi ɗakin hagu."

Na Hagu ya ce, "In hanya ta yanke fa?"

Ta ce, "In kafin mararraba ne, ɗayanku ya makance. In a kanta ne, gefe da gefe su tafi. In bayanta ne, ɓangare guda ya ɓace muku duka, amma ku kuna nan fes, ba mai zarginku."

Marasa kunya, jin ba mai zarginsu sai suka yarda! Ba wanda ya tambayi mai idon.

Haka hawan jini ya taɓa ɗakin dama na kakanku, hagunsa ya ɓace. Lokacin suna gaba da yayansa Barau kan iyakar gona. Ranar wani suna Barau ya sauko daga fushi, ya tsaya ta hagunsa, ya miƙa hannu bai ce uffan ba. Ilu ya wuce.

Na bi Barau har gida. Na ce, "Yaya Barau, wallahi bai gan ka ba."

Ya ce, "Da waɗannan idanun kamar na mujiya? Ke dai matarsa ce."

Bai sake taka gidan nan ba sai ranar da aka ɗauki gawar Ilu. Ya zo yana kuka. Kukan me?

Shi ya sa har yau ciwon yana ƙeya, ido yana ƙyalli, mutane suna cewa girman kai ne. In kun miƙa hannu ba a karɓa ba, ku buɗe baki ku yi magana.