Ciyawar da Filibus Ya Yanko

A wani ƙauye a gindin duwatsu, akwai wani tsoho manomi da yake zaune shi kaɗai. A zamanin ƙarfinsa ya riƙe shanun huɗa, ya cika rumbuna. Yanzu kuwa gwiwa ta hana shi sakat, 'ya'yansa sun watsu cikin birane, matarsa kuma ta riga shi zuwa wurin Ubangiji. In ka cire shi kansa da ƙadangarun katanga, abin da ya rage mai numfashi a gidan ɓeran masar ne guda ɗaya tak.

Matarsa ce ta yi kiwon ɓerayen masar a lungun ɗakin girki. Tana da rai, tsohon ko kallo ba su ishe shi ba. Yakan ce, "Wace irin dabba ce wannan? Ba ta huɗa, ba ta ƙwai, ba ta gadi, sai ci da surutu." Da matar ta rasu, aka rarraba su ga dangi. Amma wata 'yar ƙarama, fara mai baƙin tabo a ido, ta ɓuya a bayan tulu, ba a gan ta ba sai da masu gaisuwa suka watse. Tsohon ya ce gobe zai ba da ita. Aka shekara uku goben nan ba ta zo ba.

Ya sa mata suna Ƙararrawa, gama da ta ji motsin ƙofarsa da safe sai ta kama kira, kui-kui-kui, ba ta fasawa sai ya leƙo. Mutumin da bai taɓa yi wa shanunsa magana mai laushi ba, ga shi zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana ba ɓera labarin ruwan sama da ciwon gwiwa. Ita kuwa tana tauna ganyen dankali tana kallonsa, kai ka ce ta gane. Yana ƙaunarta ƙwarai, ko da yake da ka tambaye shi sai ya ce tausayi ne kawai.

Tsohon yana da maƙwabci mai suna Filibus, magidanci, gona ɗaya ce tsakanin gidajensu. Filibus yana da awaki biyar, su ne dukiyarsa duka. Da damina ba a sakin awaki saboda amfanin gona. Da safe yakan ɗaure su a fili su yi kiwo, ya ɗauki lauje ya gangara bakin rafi ya yanko damin ciyawar da zai ba su da yamma a turke. A hanyarsa ta dawowa yakan biya ta gidan tsohon, ya zaro wa Ƙararrawa rabonta, ya zauna su gaisa su taɓa hira. Ba wanda ya sa shi. Shekara uku yana yin haka.

Abu ɗaya tsohon ya sha gaya masa. "Filibus, kada ka yanka a bakin gonar mutane. Yanzu an ajiye fartanya, feshi ake yi. Ciyawar da aka fesa wa magani takan wuni kore shar, kamar ba abin da ya same ta."

Filibus yakan ce, "Na ji, Baba."

Wata ranar kasuwa aka kwana ana ruwa, rafi ya cika, hanyarsa ta yi laka. Filibus yana sauri kada motar kasuwa ta bar shi. Sai ya ga ciyawa mai kyau a bakin wata gona kusa da hanya. Ya ce a ransa, ta yau kaɗai. Ya yanka, ya ɗaura, ya miƙa wa tsohon rabon Ƙararrawa a tsaitsaye, ya wuce. Bai san mai gonar ya yi feshi da sassafe, bayan ruwa ya ɗauke ba.

Ƙararrawa ta ci da murna, kamar kullum.

Da rana ta take, tsohon ya buɗe ƙofa, bai ji kira ba. Ya leƙa ɗakin girki ya same ta a takure a lungu, gashinta ya tashi, miyau na zuba, jikinta na rawa. Ya ɗiga mata ruwa da cokali, ba ta haɗiya ba. Ya lakato manja da yatsa ya shafa mata a baki, gama abin da ya san ana yi ke nan in dabba ta ci guba. Ya naɗe ta a tsohon zanen matarsa, ya rungume ta a ƙirji. Da farko ya ji kunyar kai ƙarar ɓera gaban Mai Iko Dukka, sa'an nan ya ajiye kunyar ya yi addu'a. Ya ce, "Ya Ubangiji, kai ka yi ta. Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan." Kafin la'asar numfashinta ya yi ta raguwa, har ya tsaya a tafin hannunsa.

Daga baya idonsa ya kai kan sauran ciyawar da ta bari. Ya ɗauka ya kai hanci. Manomi ne, ya san warin maganin feshi, nan take kuwa ya gane abin da ya faru.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Sau nawa ya faɗa? Sau nawa aka ce masa an ji? Sai ya tuna da sauran damin, yana can gidan Filibus yana jiran yamma. Kada mu ɓoye gaskiya, zuciyarsa ta raɗa masa cewa, "Yi zamanka. Wanda ya yanko, shi ya sani. Bari shi ma ya ɗanɗana." Ya dubi inuwar gwaiba a tsakar gida, ta yi tsawo. Lokacin da ake dawo da awaki turke ya yi kusa, biyu daga cikinsu kuma suna da ciki.

Tsohon ya kwantar da Ƙararrawa a hankali, ya ɗauki sandarsa.

Gona ɗaya ce, amma ga mai ciwon gwiwa a cikin laka tafiya ce babba. Ya bi ta kan kunyoyin gonar yana dogarawa. Sau ɗaya santsi ya kwashe shi ya faɗi, ya tashi da taɓo har kafaɗa, bai koma ba. Ya iso ya tarar Filibus ya dawo daga kasuwa, ya durƙusa yana kwance igiyar damin, awaki na ta ja da turke suna miƙo wuya.

Ya ɗaga murya ya ce, "Filibus! Kada ka ba su!"

Filibus ya zabura. "Baba, lafiya? Me ya fito da kai da wannan ƙafa?"

"Sansana ciyawar nan."

Filibus ya kai hanci, fuskarsa ta sauya. Ya ɗago a hankali ya ce, "Ƙararrawa fa?"

"Ta tafi."

Filibus ya zube a ƙasa ya dafe kai. "Ka gaya mini, Baba. Ka gaya mini, ban ji ba."

Maganganu da yawa sun taru a bakin tsohon, masu zafi kuwa, amma ya haɗiye su. Abin da ya ce kawai shi ne, "Haƙa rami ka binne ta duka, kada dabbar wani ta samu." Ya juya ya koma gida.

Ya binne Ƙararrawa a gindin gwaiba, cikin zanen matarsa, ya yi kuka kuma bai ɓoye ba. Labari ya bazu a ƙauye, masu tsiya suka samu abin yi. Wani ya ce, "Baba, da ka aiko ai da mun zo da mawaƙa." Wani ya ce, "Da ka yi sauri ka yanka, ai ko romo ka sha." Tsohon ya dube shi ya ce, "Ba nama ba ce, abokiyar hira ce." Daga nan ba wanda ya ƙara.

Kwanakin da suka biyo sun yi masa nauyi. Yakan buɗe ƙofa da safe ya tsaya yana jiran kira, sa'an nan ya tuna. Yakan fere dankali ya ware ɓawon gefe guda, sa'an nan ya tuna. A addu'arsa bai yi wa Allah kara ba, ya gaya masa baƙin cikinsa, ya gaya masa kuma har yanzu yana jin haushin Filibus. Kowace rana yana faɗa, kowace rana haushin yana raguwa kaɗan.

Filibus kuwa ya ɗauke ƙafa. Ya sake hanyar rafi don kada ya bi ta ƙofar tsohon. Ran Lahadi yakan zauna a bencin baya, ya sulale kafin a sa albarka. Duk sa'ad da ya dubi awakinsa biyar suna tuƙa lafiya lau, kunya takan rufe shi.

Bayan mako uku, tsohon yana zaune da safe a gidan da ya yi tsit, sai ya lura muryoyi biyu ya rasa. Ɗaya mutuwa ta ɗauke, ba shi da iko a kai. Ɗayar kuwa kunya ce take ɗaukewa, tana nan ƙetaren gona da ranta. Ya ga in ya ci gaba da zama, ita ma zai rasa ta har abada.

Sai ya aika wa ƙanwar matarsa, wadda ta karɓi wasu daga ɓerayen lokacin rabo. Ta kawo masa ƙanana biyu a kwando. Bai ko sauke su a ɗakin girki ba. Ya rataya kwandon, ya ɗauki sanda, ya sāke ƙetare gonar nan.

Filibus yana wasa lauje, da ya gan shi ya rasa inda zai sa kansa. Tsohon ya ajiye kwandon a gabansa, ya buɗe.

Ya ce, "Na yi baƙi, ba ni da mai yanko musu ciyawa."

Filibus ya dubi ɓerayen, ya dubi hannunsa. "Ni, Baba? Hannun nan ne fa ya kashe ta."

Tsohon ya ce, "Hannun nan ne ya ciyar da ita shekara uku. Duk ƙauyen nan kuwa, ba wanda zai duba ciyawa kamar kai yanzu. Gobe ina jiranka."

Filibus ya rufe fuska ya yi kuka. Kashegari da safe ya iso da dami daga bakin rafi, wandonsa jiƙe har gwiwa. Kafin ya miƙa, sai da ya sansana.

To, ga ma'anar wannan misali.

Ƙararrawa ita ce duk abin da Allah ya ba mu muka ƙaunata, sa'an nan ya kuɓuce mana farat ɗaya. Mai yiwuwa ƙarami ne a idon mutane, kaza ce ko kare ko ɓeran masar. Kada ku ji kunyar kuka a kansa. Wanda ya halicci giwa shi ya halicci ɓera, bai kuwa raina aikin hannunsa ba. Ku lura tsohon bai ce wa Filibus "ba komai" ba, gama akwai komai. Ya yi rashi, ya yi kuka, ya kai haushinsa gaban Allah har ya huce. Bangaskiya ba ta hana hawaye.

Amma abin da ya sa nake sha'awar tsohon nan shi ne, sau biyu ya ƙetare gona da gwiwa mai ciwo, sau biyun kuma saboda wanda ya jawo masa rashin. Na farko gawa tana kwance ko binnewa bai yi ba, ya je ya ceci awakin mutumin. Na biyu ya fi wuya, ya je ya ceci mutumin kansa. Da yawa daga cikinmu mun iya cewa "na yafe" daga nesa, sa'an nan mu kulle ƙofa, mu ce ba za a ƙara yi mana ba. Tsohon ya ɗauki abin da yake ƙauna ya sāke danƙa shi a hannun da ya yi kuskure. Haka Ubangijinmu ya yi da almajirinsa wanda ya yi musun saninsa har sau uku. Bai tsaya ga yafewa ba, ya sāke ba shi kiwon garkensa. Haka yake yi da ni da ku kowace safiya, mu da muka ce "na ji" sa'an nan muka yanka a inda aka hana mu.

Yanzu kowa ya bincika zuciyarsa. Wataƙila akwai wanda ya sake hanya saboda kai. Wataƙila yana nan yau a bencin baya, yana shirin fita kafin a sa albarka. Kada ka jira ya zo, kunya ta ɗaure masa ƙafa. Kai da aka yi wa laifin, kai ne za ka ƙetare gonar. Na sani gwiwarka na ciwo. Ɗauki sandarka, ka ɗauki kwandon.