Giɓin Jatau

A zamanin da dajin Tsaunin Bauna bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Tunau ya kafa bukka a gindin tsaunin. An ce in bauna ta taso masa yakan rikiɗe ya zama suri, ta wuce tana huci. Ana masa kirari da Tunau kibiya guda, ka ci tsoka ka bar wa kura ƙashi. Mutane suka bi ƙanshin nama suka taru har wuri ya zama gari. Shi daji ya sani, don haka da aka nemi shugaba ya ce su zaɓa. Suka naɗa Gagare, wani mayaƙi mai baƙin doki.

Gagare ya fara da karɓar cinyar kowace dabba, aka yi shiru. Ya tattare bakunan maharba, aka yi shiru. Daga nan ya shiga yanke babban yatsan duk wanda ya iya jan tsirkiya. Da ya gama da sauran maharba, sai ya aika wa Tunau cewa ranar kasuwa ya kawo nasa yatsan.

Manyan gari suka lallaɓo wurin Tunau ta bayan danga, kowa ya rufe fuska da gefen riga. Mai magana da yawunsu ƙanensa ne, Jatau. Ya ce, "Yaya, kibiya ɗaya ta isa. Ka kashe mana shi mu naɗa ka."

Tunau ya tofar da yawu ya ce, "Ku kuka yi kiwon kurar nan da shirunku. In na kashe shi ni kaɗai, gobe ni ne Gagarenku, kuma za ku miƙo min yatsu kuna godiya. Farautar kewaye za a yi masa. Kowane gida ya tsaya a zobe da rana tsaka, fuska a buɗe. Inda mutum ya noƙe, ta nan nama ke fita."

Ranar kasuwa gari ya fito, har tsofaffi riƙe da taɓare, suka kewaye gidan Gagare kafaɗa da kafaɗa. Dakarunsa suka duba, kowa ya hangi uwarsa ko surukinsa a zoben, suka zubar da masunsu. Amma ta yamma akwai giɓi, faɗin mutum bakwai. Jatau da mutanen gidansa sun kulle ƙofa suna jira su ga wanda zai yi rinjaye. Tir da wannan hali.

Gagare ya hangi giɓin, ya zaburi doki. Tunau ya sheƙa ya tsaya a gurbin mutum bakwai shi kaɗai. Da ya so da ya zama suri, amma suri ba ya riƙe linzami. Ya cafke linzamin, mashi ya shige shi, bai saki ba har jama'a suka rufu suka finciko Gagare ƙasa.

Sai ga Jatau ya fito yana kuka. Tunau ya ce, "Kada ka taɓa ni. Gagare maƙiyina ne, aikinsa ya yi. Kai ka buɗe masa hanya." Ya cika, yatsansa na nan a hannunsa.

Da aka gina ganuwa, an bar yamma a buɗe, faɗin mutum bakwai. Har yau ba a naɗa sarki a garin sai kowane gida ya tsaya a zobe, kuma a zoben ake tuɓe shi. Wanda ya ƙi fitowa taron gari a giɓin nan ake tsayar da shi daga hantsi zuwa la'asar, mai wucewa ba ya gaishe shi. Kabarin Gagare ya daɗe da ɓata, amma kowa ka tambaya zai nuna maka Giɓin Jatau.