Gonar Gafiya a Bakin Teku

An taɓa yin wata Gafiya a ƙasar fadama, gwanar noman rani, wadda gobarar daji ta raba da gidanta. Abin da ta tsira da shi bai wuce ɗan burgami guda cike da ɓararriyar gyaɗa ba. Wannan gyaɗa ita ce irin da take sa ran shukawa duk inda ta sami wurin zama, saboda haka ko ƙwara ɗaya ba ta yarda ta ci ba. Ta yi ta tafiya kudu wata da watanni, tana cin ganye da saiwa, har ranar da ƙasa ta ƙare mata.

Inda ƙasar ta ƙare wani dogon dutse ne da ya kutsa cikin teku kamar hanci. Ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a gaba iya ganin ido. Babu gari babu ƙauye, ko sawun mutum ba a gani. Iska ba ta hutawa a wurin, har 'yan itatuwan da suka tsiro duk sun ranƙwafa gefe guda. Fararen tsuntsaye dubbai sun yi sheƙa a jikin dutsen, kashinsu ya mayar da shi fari fat, ga ƙara ga wari.

A saman dutsen akwai wani tsohon Rema, ɗan dabbar nan mai kama da zomo amma marar dogon kunne. Shi ba shi da aiki sai shan hantsi, kuma magana ba ta dame shi ba. A gindin dutsen kuwa akwai Kaguwa, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ita kuma Gafiya halinta guda ne: tun da aka haife ta ba a taɓa jin ta ce "ban sani ba".

Da hantsi ta iso. Ta yi wa Rema sallama sama-sama, ta leƙa ƙasa. Sai ta ga teku ya ja da baya can nesa, ya bar wani makeken fili mai danshi yana sheƙi, babu ciyawa ko tsinke a cikinsa.

"Fadama!" in ji Gafiya, bakinta har kunne. "Irin wannan fadama, a ce ba wanda ya noma? Lallai na faɗo garin malalata."

Rema ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Baƙuwa, ki huta tukuna ki sha ruwa. Wurin nan da kike gani..."

"Baba, koma ka kwanta. Noma ba aikin masu shan rana ba ne."

Ta gangara da burgaminta, ta ja layi a yashi daga wannan dutse zuwa wancan, ta ce duk abin da ke ciki nata ne. Ta shiga yin kunya-kunya, ƙasa na tashi ta bayanta. A gaskiya ta iya aiki, wannan kam ba a ƙwace mata ba.

Tana cikin tono sai ta ji an dantse mata wutsiya. Ta yi tsalle ta waiwaya, sai ga Kaguwa ta fito daga rami, idanu a tsaye.

"Ke baiwar Allah, lafiya kike rushe mana ɗakuna da rana tsaka?"

"Gona nake yi. Ki kwashe 'ya'yanki ku bar mini fili."

Kaguwa ta yi dariya har ta faɗi ta gefe. "Gona? A nan? To ai mai wurin yana nan dawowa kafin la'asar."

"Wane ne mai wurin?"

"Ruwa mana! Sau biyu yake tafiya, sau biyu yake dawowa, kullum ta Allah."

Gafiya ta riƙe ƙugu ta dubi sama. Ko ɗigon gajimare babu. Ta ce, "Ji mini shirme! Ni za a koya wa halin ruwa? A bakin gulbi aka yanke mini cibi. Ruwa da damina yake zuwa, da rani ya janye, in ya janye kuma sai baɗi. Hadari ya taso ne? An yi tsawa? To daga ina ruwan zai fito, daga hancinki?"

"Wannan ba gulbinku ba ne. Je ki ɗanɗana shi ma ki ji."

"Ba na ɗanɗanawa. Ruwa ai ruwa ne."

Rema yana jin su daga sama. Ya daure ya ɗaga murya, abin da ya shekara bai yi ba. "'Yar nan, ko ba ki yarda ba, raba irin naki biyu. Ki hawo da rabi nan ki ajiye, ki gwada da rabi."

Nan fa ran Gafiya ya ɓaci. "Auho! Yanzu na gane. Ita ta ba ni tsoro daga ƙasa, kai ka karɓi ajiya daga sama, in na juya baya ku raba. Ba a haifi wanda zai yi mini wannan wayon ba."

Rema ya lumshe ido ya koma shan hantsinsa. Kaguwa ta yi tsaki, ta shige raminta ta toshe ƙofa.

Gafiya ta zazzage burgaminta kaf, ta bi kunya-kunya tana binne gyaɗa ɗai-ɗai, ba ta rage ko ta ɗanɗano ba. Da ta gama sai ta zauna a tsakiyar gonar tana share gumi, tana tunanin inda za ta kafa rumbu.

Bayan azahar wani siririn ruwa ya silalo ya bi tsakanin kunyoyin, ya koma. Gafiya ta yi tafi. "Kun gani ko? Ban ruwa ma da kansa ya kawo kansa, ba guga ba jigo!"

Na biyu ya zo ya taɓa mata ƙafa. Na uku ya kai mata ciki, ya tafi da kunya biyu. Ta waiga, ta ga tekun da ta bari can nesa ga shi a gabanta, yana tafe yana kumfa. Ta sake duban sama, har yanzu rana tarwai.

Sai ta rikice. Ta hau tono da hannu bibbiyu tana cusa abin da ta samu a kumatu. Ba ta lura ba ashe ruwa ya zagaya ta bayanta, ya cika kwarin da ke tsakaninta da dutse. Wata igiyar ruwa ta taso ta maka ta da ƙasa, ta shaƙi ruwa mai gishiri har cikin hanci. Dole ta tofar da gyaɗar bakinta don ta sami numfashi.

"Wayyo ni! Jama'a, ta ina zan bi?"

Rema ya leƙo ya ce, "Bar nan, akwai zurfi! Bi ta hagunki, ki kama baƙin dutsen nan mai gansakuka, ki hawo!"

Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta bi ta hagu, ruwa na jan ta tana jan jiki, har ta kama dutsen. Ta hawo tsamo-tsamo tana tari, ta zube a gefen Rema. Daga nan ta zuba ido tana kallo, ruwa ya shafe gonar, fararen tsuntsayen nan kuma suka sauko suna tsintar gyaɗar da ruwan ya tono, suna faɗa a kanta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Washegari da hantsi teku ya sake janyewa. Gafiya ta gangara a guje ta hau tono. Yashi ya kwanta sumul kamar ba a taɓa saka masa hannu ba. Ta tona nan, ta tona can, ba ta sami ko ƙwara ɗaya ba.

Kaguwa ta leƙo. Ta yi niyyar yi mata dariya, amma da ta ga idon Gafiya sai ta fasa. Ta ce, "Sannu, Iya. Ki dai hau sama da wuri, yau ma yana tafe."

Gafiya ta hau tana jan ƙafa. Rema ya tashi ya miƙe, ya ce ta biyo shi. Suka zagaya bayan dutsen, inda iska ba ta kaiwa. Sai ga wani ɗan kwari mai jar ƙasa, ga maɓuɓɓugar ruwan daɗi tana tsiyaya daga tsagar dutse, ciyawa ta yi kore shar a kewaye. Gafiya ta damƙi ƙasar ta murza, ta shinshina. Manomiya ce, ta san ƙasar gyaɗa in ta gan ta, kuma ba ta taɓa ganin mai kyan wannan ba.

Ta dubi Rema ta ce, "Baba, me ya hana ka nuna mini nan jiya?"

"Shi na fara gaya miki," in ji Rema, "kika ce in koma in kwanta."

Gafiya ta juye burgaminta ta karkaɗe shi a kan jar ƙasar. Yashi kawai ya zubo.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne sanin da mutum ya yi a garinsu ba lallai ya yi masa aiki a garin wasu ba. Gafiya ba ƙarya ta yi ba, haka gulbi yake. Amma teku ba gulbi ba ne, kuma waɗanda suka san shi suna tsaye a gabanta suna gaya mata. In ka je baƙon wuri, ka yi tambaya, ka kuma bari a ƙarasa ba ka amsa kafin ka zuba duk abin da ka mallaka a ƙasa.